Manhajar ta ƙi buɗewa, wai tana aiki: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, Firefox ya daskare mini a kan Windows, na rufe shi. Yanzu duk lokacin da na danna sai ya ce wai yana buɗe amma ba ya amsawa. In goge shi in sauke sabo?

Amsa: Wahalar banza za ka yi, don sabon ma tsohuwar foldar bayananka zai tarar. Idan Firefox ya tashi yakan riƙe wani ɗan fayil mai suna parent.lock a foldar da yake ajiye kalmomin sirrinka da tarihin shafukanka, kamar wanda ya manna takarda a ƙofa cewa akwai mutum a ciki. Dalili shi ne kada Firefox biyu su haɗu suna rubutu a wuri ɗaya su lalata shi. Kai tagar kawai ka rufe, shi yana nan a maƙale a bayan fage. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka nemo Firefox a jerin da zai fito, ka kashe shi. Idan bai buɗe ba, rubuta %APPDATA%\Mozilla\Firefox\Profiles a wurin adireshin folda, ka shiga taka, ka goge parent.lock shi kaɗai. In Windows ta hana ka gogewa, to har yanzu akwai mai riƙe da shi, sai ka kashe kwamfutar ka kunna.

Tambaya: Batirina ya mutu ina tsakar rubuta aikin makaranta. Yanzu LibreOffice na cewa wani ya kulle takardar, kuma sunana ne ya rubuta a matsayin wanin.

Amsa: 'Yar uwa, ke ce kika kulle kanki a waje. Buɗe ɓoyayyun fayiloli na wannan folda, za ki ga wanda ya fara da .~lock. ya ƙare da alamar #. Ki rufe LibreOffice ki goge shi. Masu Word, naku da ~$ yake farawa. Kuma ki riƙa danna Ctrl da S kina rubutu, ba sai batir ya yi ja ba.

Tambaya: Ina so in ɗora manhaja a Ubuntu (wani nau'in Linux), sai apt, mai ɗora manhajoji, ya ce ya kasa samun kullen /var/lib/dpkg/lock-frontend. Na gani a intanet an ce in goge fayil ɗin da sudo rm. Na goge, yanzu komai na kawo kuskure.

Amsa: Wannan shawara tana ci mini rai, kuma kullum sai ƙara yaɗuwa take yi. Mutum ya kwafi umarnin da bai san aikinsa ba, ya sa masa sudo a gaba, kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan kwamfutar, ya danna, sai bayan ta ɓaci ya aiko tambaya. Ɗan uwa, da ka tsaya ka karanta saƙon da ke gabanka, da amsar tana ciki.

Kulle iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke jawo ɓarnar. Akwai wanda kasancewar fayil ɗin ita ce kullen, irin na LibreOffice da na ambata. Idan manhajar ta mutu ba shiri, fayil ɗin zai zauna yana tare hanya har sai an cire shi da hannu. Na dpkg, wanda apt ke dogara da shi wajen ɗora manhajoji, ba haka yake ba. Fayil ɗinsa kullum yana nan, ko ana aiki ko ba a yi, kuma babu komai a cikinsa. Linux ce da kanta ke riƙe wa manhajar kullen, kuma da zarar manhajar ta mutu take sakinsa. Saboda haka duk lokacin da apt ya ce maka a kulle yake, to akwai manhaja mai rai da ke aiki a daidai wannan lokaci. Galibi unattended-upgrades ce, wadda ke sauke gyare-gyaren tsaro ita kaɗai bayan an kunna kwamfuta, ko kuma tagar sabunta manhajoji da ka bari a buɗe. Sababbin apt ma har lambar mai riƙe da kullen da sunansa suke rubuta maka, kuma tun daga Ubuntu 20.04 umarnin apt yakan tsaya ya jira a saki.

Da ka goge fayil ɗin, waccan manhajar da ke riƙe da kullen ba ta daina aiki ba. Ka dai ba ta biyu damar shiga, sai suka haɗu a kan rajistar da ke lissafa duk abin da aka ɗora a kwamfutar, wannan na rubutawa wancan na rubutawa. Shi ya sa ka samu manhajoji rabi a ɗore rabi a rataye. Jiran minti kaɗan da shi ke nan.

Yanzu ka kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri tukuna. Sannan ka kashe ka kunna, ka ba ta lokaci, ka rubuta sudo dpkg --configure -a, in ya gama ka bi shi da sudo apt --fix-broken install. Sau da yawa wannan na ɗinke ɓarakar. Nan gaba, sudo fuser -v tare da adireshin fayil ɗin zai nuna maka mai riƙe da shi. Ni ba na goge kowane kulle sai na tabbatar mai shi ya mutu, kuma ko na tabbatar, suna nake canja masa in ajiye, don in iya mayarwa idan abu ya rikice.

Tambaya: Na canja wa kwamfutata suna a Linux, sai Chrome ya ce wata kwamfuta na amfani da bayanaina. An yi mini kutse ne?

Amsa: Babu wanda ya shigo maka. Chrome na rubuta sunan kwamfuta da lambar aikinsa a kullensa, tsohon sunan ya gani ya ɗauka baƙo ne. Tabbatar babu Chrome da ke gudana, ka shiga ~/.config/google-chrome ka goge SingletonLock.