Hukuncin Kunna wa Yara Fim ɗin Ben-Hur Don Su Koyi Haƙuri

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina sha'awar tsofaffin finafinan Turawa na jarumta, musamman Ben-Hur, labarin wani basarake da aka zalunta aka mayar da shi bawa, ya sha wuya, daga baya ya yafe. Na kunna wa 'ya'yana don su ga yadda bauta take, su kuma koyi haƙuri. Da aka zo ƙarshe sai autana, ɗan shekara 9, ya fashe da kuka yana tambayata me ya sa suka kashe Annabi Isa. Abokina ya ce babu laifi tunda ba a nuna fuskar Annabin ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri kan niyyarka, ya shirya mana zuri'a.

Da tambayarka ta tsaya a kan kallon labarin bawa da ya sami 'yanci, da amsar ta yi sauƙi: labari ne, mai kyansa halal, mummunansa haram, a kiyaye ido da lokacin salla. Amma kukan yaron nan shi ya sauya hukunci. Ɗanka ya tashi daga gaban talabijin yana ganin an kashe Annabi Isa (AS), alhali Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 157, ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Don haka bai halatta ka sake kunna musu shi ba, kuma gyaran abin da ya shiga zuciyar yaron yana wuyanka. Ba ka da zunubin abin da ya wuce in sha Allahu, tunda ba da nufi ka yi ba.

Ka san asalin abin da kake kallo. Fim ɗin ya fito a 1959, an ciro shi daga littafin wani janar na Amurka, Lew Wallace, na shekarar 1880, wanda a jikin bangonsa ya rubuta cewa labarin Almasihu ne. Bai ɓoye manufarsa ba. Bauta, yaƙin teku da tseren keken dawaki duk hanya ce. Inda aka nufa shi ne ƙarshen nan: jarumin ya yi nasara a kan abokin gabarsa amma zuciyarsa ba ta huce ba, sai da ya tsaya a gindin gicciye, aka yi ruwa ya gangaro da jini, uwarsa da ƙanwarsa suka warke daga kuturta. Wannan ita ce aƙidar Kiristoci ta fansa da jini, an zuba ta cikin hoto da kiɗa. Mu kuwa a wurinmu wani rai ba ya ɗaukar laifin wani, kuma tsira tana samuwa da tuba da rahamar Allah.

Maganar abokinka na sha jin ta, har daga bakin masu karatu, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Gaskiya ne ba a nuna fuska ba. To amma wane ne ya tsaya ya juya baya, da gashi har kafaɗa, ya miƙa hannu ya shayar da bawan ruwa a Nazarat? Wane ne aka ɗora wa gungume yana faɗuwa a hanya? Ɗan wasa ne, an biya shi ya tsaya a matsayin Manzon Allah Isa (AS). Malaman Azhar da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka sun hana kwaikwayon annabawa, kuma dalilinsu bai taƙaita ga fuska ba: jingina wa annabi motsi da yanayin da ba a san ya yi ba ƙarya ce a kansa, ta gaba aka ɗauke shi ko ta baya. Wasu kan kawo fim ɗin Ar-Risala na 1976, na tarihin Annabi Muhammad (SAW), su ce ai haka aka yi. Ba haka aka yi ba. A can ko inuwar Manzon Allah (SAW) ba a nuna ba, kuma duk da haka malamai sun yi saɓani a kansa. Sannan a ƙaddara ma mun sallama maganar fuska, gicciyen fa? Ɓoye fuskar wanda ake gicciyewa bai hana ɗan shekara 9 gane wanda ake nufi ba, ga shaida nan a ɗakinka. Ni a ganina ɓoyewar ma ƙara wa abin kwarjini ta yi, shi ya sa ya fi kama zuciya. Wanda kawai zan sassauta wa shi ne baligi mai ilimin aƙida da ke nazari don ya yi bayani ko raddi.

Batun koyon tarihin bauta kuma, kada ka dogara da irin waɗannan finafinai. Masana tarihi sun nuna cewa jiragen yaƙin Rumawa galibi masu 'yanci ne ke tuƙa su, ba bayi cikin mari ba. Abin da ya fi damuna shi ne inda suke kai tausayin mai kallo. Ana sa ka ji zafin bautar jarumi saboda shi ɗan babban gida ne, bai dace da ita ba. Sauran da jirgi ya nutse da su, wa ya san sunansu? Shi kansa jarumin yana da bayi a gidansa kafin a kama shi. Yaro zai iya fita da tunanin cewa akwai waɗanda bauta ta dace da su. Musulunci bai koyar da haka ba. A hadisin Bukhari, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama har da wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa, ba a ce sai ɗan sarki ba.

In zalunci da haƙuri da yafiya kake son su gani, ga Suratu Yusuf: an sayar da shi da 'yan dirhami, an ɗaure shi, da ya sami iko ya ce wa 'yan'uwansa babu zargi a kanku yau. Ga Salmanul Farisi, wanda fatake suka yaudara suka sayar, ya fanshi kansa da dashen dabino 300 da uƙiya 40 ta zinariya, Manzon Allah (SAW) da sahabbai suka taya shi. Ka ba su da bakinka, kada ka bar wa allo.

Ka zauna da autan kai kaɗai, ba da faɗa ba. Ka yaba masa son da yake yi wa Annabi Isa, don wannan son imani ne, sannan ka faɗa masa Allah ya tserar da shi ya ɗauke shi zuwa gare shi. Kada gyaran ya zama zagin Kiristoci, ga maƙwabta ga abokan makaranta. A bayyana saɓanin aƙida cikin ladabi. Nan gaba kuma duk abin da za ka kunna musu, ka riga su kallonsa har ƙarshe. Sannan ka lura da harshen gidanka: in yara suna jin manya na cewa wane ai asalinsu bayi ne, ba a ba su aure, to wannan ma ka hana, domin ragowar jahiliyya ce irin wadda Manzon Allah (SAW) ya tsawata wa Abu Zarri a kanta.

Wallahu a'alam.