Hannun jari a man Sinawa ko tankar dako: ina zan sa kuɗina?

Wani Alhaji mai sayar da shinkafa da sukari a kasuwar Dembe, N'Djamena, ya aiko da tambaya: "Malam, na tara sefa miliyan 15. Wani dillali ya ce zai samo min hannun jari a harkar man da Sinawa ke yi a ƙasar nan, riba duk wata uku. Ƙanena kuma ya ce mu haɗa kuɗi mu sayi tsohuwar tanka muna ɗauko mai daga Djermaya. Wanne ya fi?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar dillalin nan ka bar ta inda ka same ta. Matatar Djermaya, wadda aka buɗe a 2011, masu ita biyu ne kacal: kamfanin CNPC na gwamnatin Sin yana da kashi 60, kamfanin SHT na gwamnatin Chadi yana da kashi 40. Ba a sayar da hannun jarinta a kasuwar hannun jari ta Duwala, balle a rumfar shayi. Ka ce wa dillalin ya kawo takarda mai sunan kamfani da lambar rajista ka kai wa lauya. Ina kyautata zaton daga ranar ba za ka sake ganinsa ba.

Irin wannan haɗin gwiwa tsakanin gwamnatoci ake ƙulla shi. Sin na buƙatar mai domin masana'antunta, Chadi na buƙatar wanda zai zuba kuɗi ya haƙa. A 2006 Chadi ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma wa Sin, ba a jima ba CNPC ya shigo yankin Bongor, ya shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 311 zuwa Djermaya. Amfanin a fili yake: a da ɗanyen man Doba da ke kudancin Chadi yana bin bututu zuwa Kribi, a bakin teku a Kamaru, tun 2003, mu kuwa muna jiran fetur daga Najeriya da Kamaru.

Sai dai zaman bai rasa tsami ba, kuma nan ne abin ya shafi tankarka. A farkon 2012 gwamnati ta rufe matatar na ɗan lokaci saboda saɓani kan farashi. A 2013 ta dakatar da ayyukan CNPC kan gurɓata muhalli, aka nemi tarar dala biliyan 1.2, daga baya aka sasanta a kan miliyan 400. A 2023 da aka tsayar da matatar don gyara, kai ma ka ga layin motoci da babura a gidajen mai. Matata ɗaya ce, ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Ranar da ta tsaya, tankarka ta tsaya, amma albashin direba da yaron mota da inshora ba sa tsayawa.

Ga kuma farashi. Shinkafarka kai kake sa mata kuɗi, in kasuwa ta motsa ka motsa. Mai kuwa gwamnati ke yanke farashinsa, ARSAT, hukumar kula da harkar rarraba mai, na sa ido. A Fabrairun 2024 dare ɗaya litar fetur ta tashi daga sefa 518 zuwa 730. Mai dako ba ya cin wannan ƙarin. Abin da aka yanke masa a kan lita shi ne nasa, daga ciki zai fid da taya da gyaran inji da abin da hanya ke ci.

Ban ce dako ba ya kawo kuɗi ba. Yana kawowa, ga wanda ya riƙe kwangila a hannu kafin ya sayi mota. Saboda haka ku fara zuwa wurin masu gidajen mai ku ji: za su ba ku dako a rubuce? Sau nawa a wata, kuma bayan kwana nawa suke biya? Wannan ta ƙarshen ita ce ke karya mutane, domin kai kuɗin gas da na direba a hannu za ka biya, naka kuwa sai ka yi ta sintiri. In ba a samu takarda ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kada kuma ku ci bashi ku cike kuɗin tanka da sa ran mai zai biya. Gwamnati da kanta ta gwada: a 2014 ta karɓi bashin fiye da dala biliyan ɗaya daga kamfanin cinikin mai na Glencore ta sayi kason kamfanin Chevron a rijiyoyin man Doba, a lokacin gangar mai ta haura dala 100. A farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Ka tuna yadda aka zaftare alawus ɗin ma'aikata a shekarar, da yadda littafin bashinka ya cika.

Da ni ne, miliyan 10 su zauna a shinkafa da sukari, harkar da ka sani ciki da bai. Da sauran 5 ɗin ku ɗauki hayar tanka ku yi wata shida, kuna rubuta kowace sefa da ta shiga da wadda ta fita. Kai da ƙanenka kuma ku rubuta kason kowa a gaban shaidu biyu tun kafin lodin farko.