Tambaya da Amsa: Ina zan samu ganyen shayi mai kyau da araha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwargida ce a Tudun Wada, Zariya, kuma a gidanmu ba a karyawa sai da shayi, amma kwalin ganyen shayi mai zare ba ya kai mu ko'ina, na awo kuwa da na gwada sai ya fito da ɗaci. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ita ce ki tsaya a kan na awon, domin wani kaso na kuɗin da kike biya wa mai zare na takarda ne da kwali, alhali abin da ke ciki galibi garin ganye ne. Idan kin shiga Kasuwar Sabon Gari, ki nemi mai shagon da kayansa ke saurin ƙarewa, ki zuba ganyen a tafin hannu ki shinshina: mai kyau a bushe yake ƙayau, baƙi ne mai ƙamshi, wanda ya sha danshi kuwa warin tsohon buhu yake yi. Na fakiti kuma ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa. Kada ki raina na gida, domin ana noman shayi a Kakara da ke tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea.

Ɗacin da kike kuka da shi kuwa, a ganina, daga dahuwa yake. Yawancinmu mukan jefa ganye cikin tukunya mu bar shi yana ta tafarfasa har ya yi jawur, ba mu san cewa daɗewa a wuta ke fito da sinadarin da ke sa bauri ba. Kayan ƙamshi ne ke son wuta. Ki daddaka citta da kanumfari da ɗan masoro (cittar Kudancin Kaduna ma ga ta nan a kusa da mu), ki tafasa su sosai, ki sauke tukunyar, sannan ki zuba ganyen, ƙaramin cokali ɗaya ga kowane kofi, ki rufe na minti 3 zuwa 5 kafin ki tace. Koren ganye irin na Buzaye, idan ba ataya za ki dafa ba, ya fi son ruwan da ya ɗan huce. Madara da sukari a ƙarshe ake sa su.

Ajiya ma tana da nata hukuncin, saboda ganyen shayi yana kwasar warin duk abin da ke kusa da shi. Ki zuba shi a gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da sabulu da kananzir, kuma da damina ki riƙa sayen kaɗan-kaɗan. Idan akwai mai juna biyu ko mai ƙarancin jini a gidan, ta bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, domin shayi yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke ɗauka daga abinci.