Amsar tambayar Yaya a kan "ubangida" da "bawa" a cikin kwamfuta

Yaya, barka da warhaka. Ka ce kana mamakin yadda mu mazauna Amurka muka ɗauki zancen sauya kalmomin kwamfuta da zafi, alhali ku a Kano kallon rashin aikin yi kuke yi masa.

Farkon zuwana Bronx, a birnin New York, ni ma haka na gani. A gida Bawa suna ne, bawan Allah kuwa yabo ne. Muna cewa baƙin ciki da farin jini, ba wanda hankalinsa ya taɓa kai wa ga launin fatarsa. To amma a nan, wadda muke aiki tebur ɗaya da ita jikar bayi ce. Sai 1865 aka haramta bauta a ƙasar nan, sunan da danginta ke amsawa ma na wanda ya mallaki kakanninta ne. Kullum ta buɗe na'ura sai ta rubuta master da slave, wato injin da ke ba da umarni ubangida, mai bi kuma bawa. Ranar da ta faɗa mini haka cikin sanyin murya, jikina ya yi sanyi.

Maganar ta daɗe. Tun 2003 hukumar gundumar Los Angeles ta nemi masu sayar mata da kayan aiki su daina liƙa waɗannan kalmomi. Masu kula da Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, suka cire su a 2018. Bayan kisan da ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020 abin ya yi ƙarfi: Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ta bi sahu a watan Yuli, GitHub kuma, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, daga watan Oktoba ta sauya sunan babban reshen kowane sabon aiki daga master zuwa main.

A masallacinmu kan ya rabu. Dattawa, musamman waɗanda suka taso a zangon Kumasi da Accra, cewa suke yi kalma ba ta yanka wuya. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan ba su yarda ba, kuma ina bayansu. Ɗan sanda ba ya tambayar ɗana ko shi Bahaushe ne. Baƙar fata yake gani.

Inda nake tare da kai shi ne, sauya suna abu ne mai araha ga kamfani. Abin da ke hana ni barci daban ne. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya nuna manhajar tantance fuska na kuskure a kan mata masu duhun fata har kusan kashi 35 cikin 100, a kan fararen maza kuwa bai kai kashi 1 ba. A 2020 'yan sandan Detroit suka kama wani baƙar fata mai suna Robert Williams a ƙofar gidansa, a gaban 'ya'yansa, don na'ura ta ce shi ne ɓarawo, alhali ba shi ba ne. Irin fuskar ɗana ke nan, Yaya.

A gaida Inna da yara.