Yadda za ku sa rafin Kubanni a taswira

Malam, ka ce matasan unguwarku na son nuna wuraren da ake gurɓata rafin Kubanni da ke Zariya, kana tambaya ko akwai taswirar intanet da za ku yi amfani da ita. Akwai, kuma kyauta ce.

Ku fara da Google My Maps. Mutum ɗaya ya buɗe, ya raba mahaɗin ga saura. Duk inda kuka ga kwata na kwarara cikin rafi, ko juji a bakin gada, ko inda masu wankin mota ke sakin ruwan baƙin mai, ku tsaya daidai wurin, ku kunna GPS, ku ɗora alama da hoto da kwanan wata. Kwanan watan nan kar a raina shi, domin ruwan Agusta daban, na Maris daban, lokacin da rafi ya janye, masu lambu kuma na ban ruwa da shi. In data na ba ku wahala, manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox na karɓar bayani ba intanet, ta tura daga baya.

Sai dai hoto ba ya gwada ruwa. Ruwa kan yi garau alhali ƙwayar cuta ta E. coli na ciki, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kar a samu ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, ku tuntuɓi sashen albarkatun ruwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru.

Ni dai da ni ne, zan bi rafin har mahaɗarsa da kogin Galma. Kuma ku sanar da mai unguwa tukuna, kar a ga baƙi da waya a bayan gidajen mutane.