Tambayoyinku: Na Gama Sakandare Ban Taɓa Karɓar Kyauta Ba, Me Zan Rubuta?

Wasiƙun wannan wata kusan duk daga 'yan ajin ƙarshe suka fito, waɗanda suka ajiye biro suna waiwayen shekarun da suka yi a sakandare. Na zaɓi uku.

Tambaya: Malama, barka da aiki. An ce kowannenmu ya rubuta shafi ɗaya a mujallar bikin yaye mu, a kan nasarorin da ya samu a makaranta. Na zauna da takarda na rasa abin rubutawa. Ban taɓa zuwa ta ɗaya ba, ba a taɓa kiran sunana ranar raba kyaututtuka ba, ko firifet ban yi ba. A jarrabawar gwaji lissafi ya kayar da ni, ta gasken ma ban ji daɗin yadda na rubuta ta ba. Abin da zan iya tunawa kawai shi ne a aji huɗu mahaifiyata ta yi doguwar jinya, ni ke kula da ƙannena amma ban daina zuwa makaranta ba, kuma ni ke yi wa ƙawayena bitar bayoloji bayan an tashi. Wannan kuwa ai ba nasara ba ce. Ji nake kamar na ɓata shekaruna. *Ɗaliba 'yar ajin ƙarshe*

Amsa: 'Yata, wasiƙarki ta taɓa ni, don na daɗe ina koyarwa, kuma irinki su ne suka fi yawa a kowane aji. Kyauta uku ko huɗu ake rabawa, ɗalibai kuwa ga su nan fal. In da kyauta ce ma'auni, da kusan kowa ya fita hannu rabbana.

Takardar lissafin nan ce ta tsaya miki a rai, ta rufe duk abin da ya gabace ta. Haka zuciyar ɗan Adam take auna abin da ya wuce. A 1993, masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2002, ya yi wani gwaji tare da abokan aikinsa. Sun sa mutane tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani zagayen aka maimaita hakan, sai aka ƙara daƙiƙa 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka tambaye su wanne za su sake, mafi yawansu suka zaɓi mai tsawon, alhali wahalarsa ta fi yawa, saboda kawai ƙarshensa ya fi sauƙi. Mutum yana riƙe inda abu ya fi tsanani da kuma yadda ya ƙare, tsawonsa kuwa ya sha masa kai. Ke naki ya ƙare da ɗaci, shi ya sa kike ganin duk shekarun baƙi ƙirin.

Nan da wasu shekaru kuma tunanin zai karkata ɗaya ɓangaren. Harry Bahrick da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa wani bincike a 1996, inda suka sa ɗaliban jami'a su faɗi sakamakon da suka samu a sakandare, sannan aka duba takardunsu na ainihi. Inda ɗalibi ya ci A, kashi 89 cikin 100 na amsoshin daidai ne. Inda ya ci D, kashi 29 ne kacal, kuma yawancin kurakuran ƙarin maki ne mutum ya yi wa kansa. Don haka ni ba na yarda ɗalibi ya yanke wa shekarunsa hukunci da ka, ko yana cikin murna ko yana cikin ɓacin rai. Takarda nake cewa a ɗauko.

Ki nemo littafin rubutunki na aji ɗaya, ki ajiye shi kusa da na bana. Ki karanta insha'in da kika rubuta a wancan lokaci da wanda kika rubuta a zangon ƙarshe. Ki jera rifot kat ɗinki na kowane zango, ki dubi darussan da suka tashi da waɗanda suka sauka, ki dubi kuma wurin da ake rubuta kwanakin zuwa makaranta, musamman na aji huɗu. Abin da kika gani, shi za ki rubuta.

Yanzu ga abin da kika ce ba nasara ba ne. Yarinyar da mahaifiyarta ke kwance, ƙanne na rataye a wuyanta, ta kuma ci gaba da bayyana a aji kowace safiya, ta yi abin da ya gagari manya da dama. Na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa da irin wannan jarrabawar rayuwa ta fitar da su daga makaranta, ba su sake dawowa ba. Bitar bayoloji kuma, ki sani ba mai iya yi wa wasu bayanin yadda jini ke zagaya jiki har su gane sai wanda ya gane shi da kyau. Ki rubuta waɗannan biyun a fili, da shekarar da abin ya faru, da darussan da kika koyar, ba tare da neman afuwar kowa ba.

Lissafi kuwa ba zan yaudare ki ba, yana da muhimmanci, kuma in sakamako ya fito babu kiredit, zai tare miki ƙofofi da yawa. Amma jarrabawa ce da ake sakewa. Ki jira sakamakon tukuna. In bai yi kyau ba, ki zauna da malamin darasin ku fitar da ainihin babin da ke kayar da ke, don sau da yawa babi biyu ko uku ne aka rasa tun daga ƙananan azuzuwa, sauran suka rushe a kansu.

Tambaya: Malama, ni ne shugaban ɗalibai, kuma na karɓi kyaututtuka da dama. An ba ni jawabin bankwana. Da na karanta wa abokaina sai suka ce duk yabon kai ne. Shin in cire nasarorina gaba ɗaya? *Ɗalibi mai shirin jawabi*

Amsa: Ɗana, kada ka cire, guminka ne. Amma abokanka sun yi maka gata, ka saurare su. Jawabin bankwana na aji ne gaba ɗaya, kai dai aka ba wa makirifo. Ka ambaci nasara ɗaya ko biyu, kowace tare da wanda ya tallafa maka a kanta: malamin da ya tsaya da kai bayan an tashi, abokin da ya ara maka littafi, iyayen da suka hana kansu don kai.

Ka dubi Malala Yousafzai, 'yar Pakistan ɗin nan mai fafutukar ilimin 'yan mata. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2014 tana da shekara 17, labarin ya same ta tana ajin kimiyyar sinadarai a Birmingham ta Ingila, ta kuma ci gaba da darussanta na ranar. Da ta gama sakandare a Yulin 2017, saƙon da ta fitar ya karkata ne ga miliyoyin 'yan matan da ba za su samu damar kammala karatu ba. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2024 ya ce yara da matasa miliyan 251 ne ba sa makaranta a duniya. A ajinku ma na tabbata akwai waɗanda kuka fara tare ba ku gama tare ba. Ka ba su layi biyu a jawabinka. Ka kuma tuna da irin 'yar'uwarka ta wasiƙar farko, tana zaune a cikin masu sauraronka, tana jiran ta ji ko akwai wurinta a labarin da za ka bayar.

Tambaya: Malama, tsorona shi ne mu watse mu manta da juna. *Wata ɗaliba*

Amsa: Fuska ba ta saurin ɓacewa, 'yata. Bahrick ɗin nan ya gwada mutum 392 da hotunan 'yan ajinsu na sakandare a 1975, ya tarar ko bayan shekaru da dama da rabuwa suna gane kusan kashi 90 cikin 100 na fuskokin. Kawo suna da ka ne ke yin wuya yayin da shekaru ke tafiya. Ku ɗauki hoton aji kafin ku watse, ku wanke shi a takarda, kada ku dogara da waya kaɗai don tana ɓata tana lalacewa. A bayansa ki rubuta cikakken sunan kowa, layi-layi yadda kuka tsaya, da shekarar, da sunayen malamanku.