Amsa: fanel ɗin wani jirgi a jikin wani, yana tashi yana kifewa

Malam, ka ce ka ciro fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa jirgi, daga ƙaramin jirginka na rimot mai farfela huɗu da ya karye ka ɗora wa wani, amma da ka ba shi wuta sai ya wuntsila. Kada ka yi saurin zargin fanel ɗin.

Fara duba injinan. Biyu suna juyawa dama, biyu hagu, kuma masu juyawa iri ɗaya suna kallon juna ta kusurwa. A ƙananan injinan nan, galibi mai waya ja da shuɗi daban yake da mai baƙi da fari. Farfelun ma akwai A akwai B. Guda ɗaya ta sauya wuri, shi ke nan, sai kifewa. Ni ma haka na sha fama, kwana biyu ina ɗora wa yaron da ya yi mini soda a PZ ta Zariya laifi, ashe ni na juya fanel ɗin, gabansa yana kallon baya.

In ya tashi yana karkarwa, liƙa fanel ɗin da tef mai soso, don girgizar injina tana rikita jairo, wato na'urar da ke jikin fanel mai auna karkatar jirgi. Sannan ka ajiye shi a kan tayil, ba tabarma ba, ka sake saita daidaitonsa da rimot. Rimot ɗin ma na fanel ɗin za ka riƙe, domin risiba, wato mai karɓar saƙon rimot, a jikin fanel ɗin take.

In sabon jikin ya fi tsohon girma sosai, karkarwar ba za ta tafi duka ba, an saita fanel ɗin ne da nauyin wancan. Kuma da ƙurar hunturun nan ta Zariya, hure injinan kafin ka gwada.